Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Manyan Makarantun Jigawa Kan Karatu ta Intanet

Zuwa ga shugabannin jami'o'i, kwalejoji da makarantun kimiyya da fasaha na Jihar Jigawa, da Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, Allah Ya sa haka, amin. Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel. Yaran da kuke karɓa a shekarar farko ta hannun irinmu suke biyowa. Waɗanda ba su samu isowa gare ku ba kuma suna nan tare da mu, muna haɗuwa a masallaci da kasuwa da wajen suna. Saboda waɗannan na biyun na ɗauki alƙalami.

Kusan duk taron da za a yi a manyan makarantu yanzu sai an ambaci zamani. Za a mayar da karatu ta intanet, za a buɗe sashen karatu daga gida, an sayo manhajar koyarwa, an horar da malamai. Ba suka na zo yi ba. Ina cikin masu son a yi, don na san mutanen da digiri ba zai taɓa iske su ba sai ta wannan hanya. Tsorona ɗaya ne: a zauna a ofis a tsara abin a kan ɗalibin da ke da kwamfuta da wuta da sabis mai ƙarfi, alhali shi wannan dama yana da halin zuwa aji. Wanda aka ce dominsa ake yi kuma a bar shi a waje, har ma a ƙara masa ɗawainiya.

Bari in faɗa muku su wa nake nufi. Akwai yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinsu, ta gama da sakamako mai kyau, bayan sallah aka ɗaura mata aure. Mijinta ba maƙiyin boko ba ne, shi ma ya yi difloma, amma ba shi da ƙarfin kama mata ɗaki a Dutse, ita ma ba za ta bar goyo da gida shekara huɗu ba. Akwai malamin firamare mai NCE da ya daɗe yana neman izinin tafiya ƙaro karatu, hedimasta yana ce masa, in ka tafi wa zai riƙe mini aji uku da aji huɗu? Ga ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi wanda shi kaɗai ne a ƙauyen, ranar da ya rufe ƙofa ba mai yi wa yara allura. Ga babban ɗa wanda mahaifinsa ya rasu, gonar gero da ta riɗi da bakin ƙannensa duk suka dawo wuyansa. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27. Jami'ar Tarayya tana Dutse tun 2011, ta Sule Lamido tana Kafin Hausa tun 2013, ta fasaha an kafa ta a Babura a 2021, kwalejin ilimi a Gumel, foliteknik a Kazaure da Haɗeja da Dutse. An yi ƙoƙari wajen rarraba su, ba mai musu. Amma ɗan Birniwa ko Gwiwa ko can ƙuryar Gwaram har yanzu sai ya tashi daga gida ɗungurungum kafin ya yi karatu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da yaro a gida.

Kafin in zo kan roƙona, ya kamata ku ji yadda fasahar zamani ta iske mu zuwa yanzu, don abin da mutum ya ɗanɗana da shi yake auna abin da aka yi masa alƙawari. A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, daga 2021 kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa ake rajista. Ban ce a koma takarda ba. Satar amsa ta ragu, sakamako yana fitowa da wuri. Sai dai yaranmu da yawa ranar jarrabawar ce ranarsu ta farko da zama gaban kwamfuta. Mukan zana musu maɓallan da alli a jikin allo: A, B, C, D na amsa, N ya kai ka gaba, P ya dawo da kai baya, S kuwa kada hannunka ya je kusa da shi sai ka gama. Yaro ya haddace tsaf, ya hau mota tun asuba, ya shiga ɗakin jarrabawa gabansa na faɗuwa, ba don bai san amsar ba, don tsoron kada ya taɓa wani abu ya lalata kayan gwamnati. In Allah Ya taimake shi ya ci, sai a shiga na biyu: a je kafe a duba suna, a ciro lambar biyan kuɗi, a nemi banki ko mai POS, a dawo kafe a yi rajistar kwasa-kwasai, shafin makaranta ya tsaya cak, mai kafe ya ce a dawo gobe. Gobe kuma wani kuɗin motar ne. Duk matakin da aka ce an sauƙaƙa shi ta intanet, a wajenmu tafiya ce ta ƙaru.

Akwai wani tsohon ɗalibina da ke karatu a ɗaya daga cikin manyan makarantu, ba sai na ambaci suna ba. Lokacin wani hutu da aka tsawaita, malaminsu ya ce za a ci gaba da lakca kai tsaye ta Zoom bayan sallar isha'i. Tun la'asar yaron ke kai wayarsa shagon mai caji, a liƙa mata 'yar takarda mai lamba, a jera ta cikin sauran a kan benci janareta na ta ƙugi. Da ya idar da sallah sai ya karɓo ta ya nufi wani tudu bayan firamare, inda duk garin aka san nan ne sabis ke zama. Can za ka same shi a tsugune, littafi a cinya, tocila a baki, muryar malam tana zuwa tana ɗaukewa. A yi jimla ɗaya, a yi shiru, sai a ji an tsallaka wani babin. Wani dare ma wayar sai ta bar layinmu ta kamo na Nijar, tunda iyaka ba nisa. Da aka zo gwaji, an buɗe shafin na 'yan mintoci, ya amsa rabi, abin ya tsaya yana juyawa har lokaci ya cika. Da ya kai kuka aka ce masa kowa ma da sabis yake fakewa. Ban ga laifin malamin sosai ba. Mutum ɗaya da ɗalibai ɗaruruwa, ta ina zai gane mai gaskiya da maƙaryaci? Tsarin ne tun farko bai yi lissafi da yaron kan tudu ba.

Ga lissafin kuwa, ba mai wuya ba ne. Lakcar bidiyo kai tsaye ta awa ɗaya tana iya cinye rabin giga na data ko fiye. Lakcar nan dai, in murya ce kawai aka naɗa aka matse ta, ba za ta wuce mega 15 zuwa 30 ba, kuma ɗalibi zai saurare ta sau nawa ya ga dama ba tare da ya sake biyan ko sisi ba. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin sabis mai sauri zai kai ga kashi 90 cikin 100 na jama'a, kuma giga ɗaya ba zai wuce naira 390 ba. Abin da muka gani shi ne a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. A birane ana maganar 5G tun 2022, mu nan in harafin E, alamar sabis mai rauni, ya fito a saman waya sai a haƙura a jira dare ya raba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Shekarar 2020 ta isa darasi. Korona ta rufe makarantu a watan Maris, ASUU kuma ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. A 2022 aka sake yin wata takwas a gida. Makarantun kuɗi suka ci gaba da karatu ta intanet, 'ya'yan talakawa suka tafi gona da acaɓa da ci-rani, wasu daga nan ba su sake komawa ba.

To mene ne roƙon? Na farko, kuma shi ne na fi so ku tsaya a kansa: ku gina karatun a kan hanyar da ilimi ke bi ya iso ƙauye a yau, domin akwai ta, tana aiki, ba gwamnati ce ta shimfiɗa ta ba. Ku shiga kowace kasuwar ƙauye, za ku tarar da matashi a rumfa da tsohuwar kwamfuta da tarin igiyoyi, mutane sun yi layi kowa da memorinsa. Wannan fim yake so, wancan waƙa, dattijon can tafsirin bana. Karatun da malami ya yi a Kano ko Zariya ko Bauchi, kafin mako ya zagayo ana sauraronsa a ƙaramar waya mai maɓallai a gindin tsamiya, ko a cikin gida mace na tankaɗe tana ji. Wanda ya samu ya tura wa maƙwabcinsa ta Bluetooth ko Xender, ba data, ba sabis. Na san mutanen da suka sauke littattafan fiƙihu da hadisi da kunne ta wannan hanya, har suna yi wa limami tambayar da sai ya koma ya buɗe littafi. Malaman addini ba su jira an kafa musu ƙarfen sabis ba. Sun duba abin da ke hannun jama'a suka zuba karatunsu a ciki.

Me zai hana jami'a ta yi haka? Kowane kwas a naɗi lakcocinsa da murya, gajeru-gajeru, minti goma sha biyar ko ashirin, a haɗa da rubutun darasin da zai buɗu a waya ba sai an yi ta jan shafi hagu da dama ba. Inda dole sai an ga zane ko lissafi, a yi ɗan bidiyo mara nauyi, hannun malam da allo sun wadatar, ba ma buƙatar ganin labulen ofis. Ranar rajista a zuba wa ɗalibi kayan zangon gaba ɗaya a memori, ya sa a aljihu ya tafi. Intanet ta zama ta aika jinga ce da yin tambaya da karɓar gyara, abin da 'yan mega kaɗan za su ɗauka, kuma a ba da kwanaki, ba mintoci ba. Wannan ba sabon abu ba ne a fasahance. Manhajar Moodle, wadda jami'o'i da yawa a duniya ke amfani da ita kuma kyauta ce, tana barin ɗalibi ya sauke darasi a wayarsa, ya yi aikinsa ba sabis, in ya shiga inda sabis yake ta aika da kanta. Masana kwamfutarku sun fi ni sanin wannan. Abin da ya rage a umarce su da su fara da ɗalibin ƙauye, ba su tuna da shi bayan an gama ba. Lakcar kai tsaye kuwa a bar ta a matsayin ƙari, kuma duk wadda aka yi a naɗe ta a ajiye, kada a ɗauki sunan mahalarta a ce da shi za a ba da maki.

Kuma kafin a ƙaddamar da kowane shafi, a ba wa ma'aikaci guda waya mai araha irin wadda ɗalibai ke riƙewa, wadda batirinta ya fara kumbura, a saka masa data ta naira 500, a tura shi ƙauye ya kwana biyu ya gwada yin rajista da sauke darasi da aika jinga. Abin da ya dawo da shi shi ne rahoton gaskiya.

Kada wani ya ce mutanenmu ba su saba da karatu daga nesa ba. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, da littattafai bugaggu da haɗuwar ƙarshen mako a ajujuwan sakandare ta ɗaga malaman ƙauye masu ɗimbin yawa zuwa NCE. Wasu daga cikin waɗanda suka koyar da ni ta nan suka bi, kuma ba su fi kowa rauni a aji ba. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, gwamnatin Shagari ce ta kafa ta a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, sai a 2002 zamanin Obasanjo ta dawo. Ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, tana da cibiya a Dutse, kuma littattafan kwasa-kwasanta suna shafinta kowa na iya saukewa kyauta. Ingila ma da ta kafa tata buɗaɗɗiyar jami'ar a 1969, da rediyo da talabijin da gidan waya ta fara. A nan gida kuma Jigawa ta riga jihohi da yawa farkawa, tun farkon shekarun 2000 da gwamnatin Saminu Turaki ta buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. Yaran da aka yaye a can suna nan, da yawansu su ne masu kafe da masu gyaran waya a garuruwanmu. Ma'aikatan da wannan aiki ke buƙata ba sai an ɗauko su daga Legas ba.

Wannan ya kawo ni kan na biyu. Waya kaɗai ba ta yin ɗalibi. Mutum na buƙatar inda zai je ya zauna a kan kujera, ya yi caji, ya sauke abu mai nauyi, ya taɓa kwamfuta ta gaske, ya ga ɗan'uwansa mai karatu irin nasa su yi musu a kan darasi. Kowace ƙaramar hukuma tana da sakandaren da ajujuwanta ke zama fayau daga azahar, da Asabar da Lahadi. A ɗauki ɗaki ɗaya ko biyu a sa sola, a sa kwamfutoci ko da ashirin ne, a ajiye na'ura guda mai ɗauke da duk darussan wadda wayoyi za su ja daga gare ta a cikin ɗakin ko babu intanet. Makarantunku su haɗa kai su yi amfani da cibiya ɗaya, kada kowace ta ce sai ta kafa allonta. Kuɗin ba daga sama za su faɗo ba, amma akwai ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa: TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na da kason kayan sadarwa, asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa aikinsa ke nan, kai sabis da kayan aiki inda 'yan kasuwa ba sa ganin riba. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019 ƙarƙashin shirin hukumar wutar karkara. Abin da cibiyar ƙauye ke buƙata ko kusa da wannan bai kai ba.

Sai dai a nan ina da gargaɗi, kuma daga abin da idona ya gani ne. An taɓa kawo wa wata makaranta da na koyar kwamfutoci. An yi taro, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, manya suka shiga mota. Ba a cika shekara ba baturan sola suka mutu. Ba wanda aka ba wa kuɗin gyara, ba wanda aka ce aikinsa ne. Shugaban makarantar, don gudun kada wani abu ya ɓata a ce ya biya, ya lulluɓe su da leda ya sa kwaɗo ya jefa mukulli a aljihu. Da aka buɗe ɗakin bayan wani lokaci, ƙurar hunturu da gara da ɓeraye sun gama nasu aikin. Mun iya sayen kaya, domin a nan kwangila take. Albashin wanda zai kula da su da kuɗin canza batiri bayan 'yan shekaru, su ne ba mai son rubutawa a kasafi. In ba za a ɗauki mutum a biya shi duk wata ya buɗe ɗakin, ya share, ya gyara, ya nuna wa ɗalibi inda zai danna ba, gara kuɗin a sayi alli.

Maganar mata kuwa a nan nasara ko faɗuwar shirin take, domin su ne suka fi kowa buƙatarsa. Magidanci da yawa zai bar matarsa ta yi karatu a ɗakinta da waya, ya bar ta ta je cibiya ranar Asabar da hantsi ta dawo kafin la'asar, in ya san akwai ranar mata kuma akwai mace mai kula da su. Amma in aka ce sai ta shiga zauren WhatsApp da maza ɗari, lambarta a fili, ana turo mata saƙo tsakar dare, to an gama, kuma ba zan ga baiƙensa ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a takarda, amma a kansu ake cewa e ko a'a a zaure. Muna kukan ƙarancin malamai mata da ma'aikatan jinya mata a karkara, ga su nan a cikin gidaje da takardar sakandare a ƙasan akwati.

A duba kalanda kuma. Daga saukar damina zuwa kaka ɗalibin ƙauye ba nasa ba ne, na gona ne. Kuma kun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a yankunan Haɗeja da Ringim da Kafin Hausa, hanyoyi suka yanke, garuruwa suka koma sai da kwalekwale. A bar mutum ya ɗauki kwas kaɗan da damina, ya ƙara da rani, ko da zai shekara shida kafin ya gama.

Harshe ma abin dubawa ne, ko da yake na san wasu za su ɗaure fuska. Ban ce a daina koyarwa da Turanci ba, da shi za a rubuta jarrabawa, da shi za a nemi aiki. Amma a aji, in malami ya ga idanun yara sun yi fari, yakan sauko ya warware musu da Hausa a minti biyu, sannan ya koma. Wanda ke saurare shi kaɗai a ɗaki ba mai ganin idonsa. A haɗa kowane darasi mai wuya da ɗan taƙaitaccen bayani da Hausa. Ba zai rage wa digirin daraja ba.

Abin da zai rage masa daraja shi ne sakaci wajen jarrabawa. Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya ta yi wa mutum rubutu, ya fito, ƙirƙirarriyar basira ta shigo har wayoyin 'yan sakandare. Na fara karɓar aikin gida da Turancin da ni kaina sai na nutsu nake fahimta, daga yaron da bai iya haɗa jimla uku ba. Kun fi ni ganin wannan a kundayen kammala digiri. Hana amfani da ita ba zai yiwu ba, kuma tana da amfani ga wanda ba shi da mai yi masa bayani, muddin an koya masa cewa tana shirga ƙarya da ƙarfin hali. Amma jarrabawar ƙarshen zango dole mutum ya zo da ƙafarsa, a ga fuskarsa, a duba katinsa, ya zauna gaban mai sa ido. Cibiyoyin da na ambata su ne wurin yin hakan, ba sai an kwashi kowa zuwa Dutse ba. Akwai kuma karatun da ba ya yiwuwa daga nesa, kada son tara kuɗin rajista ya sa a yi kamar ba a sani ba. Ba a koyon ɗaura ruwa ko karɓar haihuwa a waya. Injiniya sai ya riƙe ƙarfe, mai karatun noma sai ya shiga gona, ɗan kimiyya sai ya tsaya a ɗakin gwaje-gwaje. Irin waɗannan a raba su: abin da na ji da karantawa ne a yi shi a gida, na hannu kuma a tara ɗalibai makonni a makaranta lokacin da na cikin harabar suka tafi hutu, ɗakunan kwana na zaune ba kowa. In takardar da aka bayar ta zama abin da masu ɗaukar aiki ke yi wa kallon hadarin kaji, an cuci matar nan da malamin firamaren nan sau biyu, an ci kuɗinsu an ci shekarunsu.

Ina roƙo kuma kada a jibga wannan aiki a kan lakcarori a matsayin ƙarin kaya ba ƙarin lada. Shirya darasin da za a saurara ba malami a gaba ya fi shiga aji wahala, ni da nake koyarwa na san haka. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, a ce ya naɗi lakca da wayarsa, ya sayi data da kuɗinsa, ya amsa tambayar ɗalibai har dare, abin da za a samu shi ne tsohuwar takardarsa ya ɗauka hoto ya tura, ya ce an yi. A biya su kuɗin shirya kwas, a sa shi cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, a kuma fayyace musu a rubuce wa ke da mallakar abin da suka naɗa, don da yawansu tsoronsu ke nan, kada a naɗe muryarsu a ce an daina buƙatarsu.

Saura batun data. A 2020 kamfanonin waya a Afirka ta Kudu sun buɗe shafukan jami'o'i kyauta, ɗalibi ya shiga ba a cire masa komai. Shugaban makaranta ɗaya in ya je shi kaɗai ba lallai a saurare shi ba, amma in kuka tafi gaba ɗayanku da gwamnatin jiha a gaba, wadda ita ke ba kamfanonin izinin haƙa ƙasa su binne igiyoyinsu, akwai abin ciniki a hannunku. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a watan Mayun 2024 yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa. Ku tabbatar duk shirin karatu daga gida da za ku buɗe an tsara shi yadda ɗalibansa za su shiga wannan layi, ku kuma nemi a faɗa musu matsayinsu tun kafin su biya kuɗin fom.

Akwai kuma wani layi a takardar kuɗin makaranta da iyaye ke yawan kawo mini in karanta musu, wanda aka rubuta kuɗin ICT, wato na kwamfuta da intanet. Duk shekara ana biya. Uba ya sayar da buhun riɗi ko tunkiya ya biya, ɗan ya dawo hutu ya ce shi bai taɓa samun intanet ɗin makaranta ya buɗe masa shafi ɗaya ba. In suka tambaye ni ina kuɗin ke tafiya, ba ni da amsa. Ina roƙon kowace makaranta, a ƙarshen shekara, ta liƙa a allon sanarwa nawa aka tara da wannan suna da abin da aka yi da shi, da Turanci da Hausa.

Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, Ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Malamin sakandare daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.